Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Hukuma a Littattafanmu, In An Karanta Su Daga Yauri

Duk mai bin ƙagaggun labaran Hausa ya san yadda azzalumi ke ƙarewa a cikinsu. Ko dai gobara ta cinye dukiyarsa, ko mota ta kife da shi a kan hanya, ko ciwon da likitoci suka rasa gane kansa ya kwantar da shi, ko kuwa ya zautu yana tona wa kansa asiri a bainar jama'a. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi da 'ya'yanta, ya kore ta saboda sabuwar amarya, kuma gobarar kasuwa ce ta durƙusar da shi. Littafin ya cancanci duk yabon da ya samu, mu ma mun yi imani alhaki na bin mai shi. Sai dai akwai tambayar da masu sharhi ba su cika yi wa irin wannan zubi ba: tsakanin ranar da aka yi zaluncin da ranar da wuta ta tashi, wa ya kamata ya tsaya wa wanda aka zalunta?

In muka juya ga labaran da ke yawo a wayoyinmu yanzu, lamarin ya ƙara fitowa fili. Tauraro babban soja ne ko ɗan hamshaƙin attajiri. Wani ya ɓata wa budurwarsa rai, sai ya ɗaga waya, a zo a kwashi mutum a kulle, a yi masa lilis, masu karatu kuma su cika wurin sharhi da cewa ya yi daidai. Kaki da bindiga da ofishin 'yan sanda duk sun zama kayan gidan tauraro, kamar motarsa da agogonsa. Ƙarfi yana nan birjik a shafi, amma da wuya ka ga wanda ya tambaya da wace doka aka yi amfani da shi.

Muna so mu ɗauki wasu sanannun littattafanmu mu karanta su daga gaɓar Yauri, mu ga wace irin hukuma suka nuna mana. Dalilin zaɓen Yauri shi ne, cikin shekara ɗari da 'yan kai mutanen wannan ƙasa sun ga mahayan da ke kai hari, sun ga Bature mai naɗa sarki da takarda, sun ga gwamnatin da ta tashe su ta cika gonakinsu da ruwa, sun kuma ga ranar da aka kwashe 'ya'yan makaranta da rana tsaka. Kowanne daga cikin waɗannan ya zo da ƙarfi, kuma kowanne yana da abin da yake kira dokarsa.

Sunan da muka ba ta

Harshenmu ya tanadi kalmomi da yawa a wannan fage: mulki, sarauta, daula, gwamnati, hukuma. Gwamnati aro ce daga Ingilishi, tana nufin waɗanda ke kan kujera yau, gobe su sauka. Daula ta fi kama da faɗin ƙasa da tsawon zamani. Wadda ta fi kusa da abin da muke nufi ita ce hukuma, kuma tushenta ɗaya da hukunci da hakimi da mahukunta. Ke nan tun daga suna, Bahaushe ya danganta ta da yanke hukunci tsakanin mutum biyu da suka saɓa. Haka kuma a zamanin En'e muna da ɗan doka, na sarki, da ɗan sanda, na gwamnatin Turawa. Ɗaya ya ci sunan doka, ɗaya ya ci sunan abin dukan da ke hannunsa, ko da yake 'yan NEPU da suka sha kulki a shekarun 1950 za su shaida cewa ɗan dokan ma hannunsa ba sanyi.

Wani masanin Jamus, Max Weber, a laccar da ya yi a 1919, ya ce abin da ya raba hukuma da sauran ƙungiyoyin mutane shi ne ita kaɗai aka yarda ta ɗaga makami a cikin iyakarta, wani kuma sai da izininta. Ana yawan ɗauko wannan bayani a manta da nauyin da ke kan kalmar yarda. Tun kafin shi da shekara kusan dubu ɗaya da ɗari biyar, malamin Kirista Agustin, wanda ya zauna a garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya kawo labarin ɗan fashin teku da aka gurfanar gaban sarki Iskandar. Da aka tambaye shi dalilin da yake addabar mutane, sai ya nuna wa sarkin cewa sana'arsu ɗaya, bambancin kawai shi da ƙaramin jirgi yake yi, sarki kuwa da rundunar jirage. Duk wanda ya san kwalekwale a Yelwa ko Wara zai gane wannan raha ba sai an yi masa fashin baƙi ba.

To me ya raba su? Karɓar haraji bai raba su ba, domin ɗan bindigar da ya sa wa ƙauye kuɗin noma shi ma haraji yake karɓa. Yanke hukunci ma bai raba su ba, tunda an sha ba da labarin mutanen da suka kai ƙarar satar shanu wurin masu riƙe da daji. A ganinmu abin da ya raba su yana cikin karin maganar nan da ke cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukuma mai ƙarfi ce da ta karɓi lada, ta ɗaure kanta da alkawarin aski, sannan ta bar wata ƙofa a buɗe inda kuturu zai kai ƙararta in ta ƙi. In babu wannan ƙofa, wanda aka cuta ba shi da sauran kotu sai Allah ya isa. Da wannan ma'auni za mu auna littattafan.

Ganɗoki daga ƙarƙashin kofaton doki

Yauri tsohuwar masarauta ce a bakin Kogin Kwara, wanda yau aka fi kira Neja. Tana kan hanyar fataken goro masu zirga-zirga tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, kuma fatake na biyan kuɗin fito da na hanya bisa fahimtar cewa za a haye da su lafiya, a tsare musu kaya. Lokacin jihadi, Sarkin Yauri Muhammadu Albishir Ɗan Ayi ya ƙulla amana da masu jihadi, sarautar ta zauna a gidanta. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa mutumin Ngaski ne, ya yi nazarin yadda gwamnatin Yauri ta raunana a ƙarni na 19. Rikicin 'ya'yan sarauta ya ci ta daga ciki, daga gabas kuma Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta kai hare-hare ƙasashen Kambari da Gwari da maƙwabtansu. A ƙarshen ƙarnin fadar ta bar Birnin Yauri ta koma Yelwa.

Wannan Ibrahim Nagwamatse shi ne ubangidan tauraron Ganɗoki, littafin Muhammadu Bello Kagara da ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Ba mu musun daɗin littafin. Kirarinsa da zafin harshensa har yau suna tada tsikar jiki, kuma yana cikin rubuce-rubuce ƙalilan na wancan zamani da suka bar Bahaushe ya zare takobi a gaban Bature. Amma daga kan sirdi aka ba da labarin gaba ɗaya. Manomin da ya hango ƙurar dawaki ya kwashi 'ya'yansa ya shige dutse ba shi da murya a ciki. Mai karatu a Kano ko Katsina na iya bin Ganɗoki yana jinjina, jikan Bakambaren Ngaski kuwa yana da damar tambaya: jarumtar nan a kan wa aka gwada ta kafin Turawa su iso?

Ƙarshen littafin ya fi farkonsa ba mu abin tunani. Bayan faɗuwar Kwantagora a 1901 da yaƙin Burmi a 1903, Ganɗoki ya shiga duniyar aljanu da abubuwan al'ajabi, ya dawo gida ya tarar da zaman lafiya da sababbin abubuwan zamani, sai ya sallama. Ya bi mai takobi lokacin da takobi ke ci, ya bi mai bindiga da bindiga ta yi rinjaye, kuma babu inda labarin ya tsaya ya tambayi abin da ya halatta wa ɗayansu mulki. Tarihi ma haka ya tafi. Turawan da suka kira Ibrahim mai farautar bayi, suka kore shi, suka kama shi, su ne suka mayar da shi kan gadon Kwantagora a 1903 da suka ga suna bukatarsa, aka kuma sa Yauri cikin lardin da ke ɗauke da sunan garinsa.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga wannan gasa, ya fi kusantar wanda aka taka. Mun ga yaron da aka sace, mun ga uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Akwai kuma wani abu a farkonsa da ya kamata a lura da shi. Makau, mijin uwar Umar, ya fita hari da izinin sarki, abokan gabarsa na fada suka yi masa ƙagen ɓoye bayi daga ganima, aka kore shi daga gari. Laifin da fada ta gani shi ne tauye rabon sarki. Kamo mutanen kuwa aiki ne na yau da kullum. Akwai doka a Kagara ta littafin, amma tsakanin maharan take aiki, ba ta kai ga waɗanda aka ɗaure da igiya ba. Makau da kansa, ɗan cikin gida, bai sami inda zai ɗaukaka ƙara ba. Marubucin ya nuna wannan da natsuwa, sannan ya ba da haƙuri da neman ilimi a matsayin mafita. Mafita ce ga Umar shi kaɗai, garin da aka kai wa hari yana nan yadda aka bar shi.

Sarki nagari da sandar Bature

Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya koya wa yaranmu na zamani bayan zamani cewa lafiyar ƙasa tana rataye da halin sarki da na mai ba shi shawara. In waziri maci amana ne, ƙasa ta shiga uku. In aka dace da aku mai hikima, komai ya daidaita. Wannan tunani yana da asali mai daraja a wurinmu, sai dai malaman da suka rubuta a kan mulki ba su tsaya a kan hali kaɗai ba. Al-Maghili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya nace a kan sarki ya zauna yana sauraron koke da kansa, ya kuma yi ta gargaɗi a kan sarkin da ke ɓuya daga talakawansa. Kitabul Farƙ, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya bi harajin sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, yana auna su da Shari'a. Waɗannan malamai sun ɗora doka a saman sarki. Ƙagaggun labaranmu sun gaji sarki nagari daga wurinsu, suka bar ma'aunin a baya.

Abin da ya faru a 1915 ya nuna iyakar sanda in babu yarda. A shekarar Turawa suka sauke Sarkin Yauri Jibrilu, suka naɗa Aliyu, Bafulatanin da ba jinin gidan sarautar ba. Suka kuma sauke Kitoro Gani na Busa, suka sa tsohuwar masarautar Bargu a ƙarƙashin sabon sarkin Yauri, don sauƙin tara haraji da tafiyar da mulki. A takarda komai ya cika ƙa'ida. A ƙasa kuwa, wani ɗan sarautar Busa mai suna Sabuki ya jagoranci bore, aka kashe wasu daga cikin sababbin masu muƙami, sai da aka turo soja. Michael Crowder ya rubuta littafi sukutum a kan wannan bore, ya fito a 1973. Soja sun kwantar da tarzoma, amma tsarin bai zauna ba. An raba Busa da Yauri, an cire Aliyu a 1923 aka mayar da sarauta gidanta a hannun Abdullahi ɗan Jibrilu, Kitoro Gani ma ya koma gadonsa a 1924. Turawa na da bindiga mai ruwa, suna da dokar da suka rubuta da hannunsu, duk da haka sai da suka janye. Mutanen da ba a ba su ƙofar kai ƙara ba sun kai ta da baka da kibiya.

Hukumar da ba ta da fuska

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, ya miƙe har ƙasar Yauri, aka tashi mutane kimanin 44,000. Tsohuwar Busa ta nutse. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun rasa gungunan da suka ba su suna, inda suke noman albasa da ban ruwa da kamun kifi tun kaka da kakanni. An gina musu sababbin ƙauyuka da siminti bisa zanen da aka yi a ofis, wasu suka zauna, wasu suka bar gidajen suka gina irin wanda suka saba. Wutar da aka samu ta tafi Legas da Kaduna, har Yamai ta haska, ƙauyuka da dama na bakin tafkin kuma suka daɗe suna kwana da fitilar ƙwai.

A nan babu doki, babu igiya, ba a harba bindiga ba. Ma'aikacin safiyo ne ya zo da awo, akawu ya zo da takardar ƙidayar bukkoki da bishiyoyi. Ƙarfin yana ɓoye a bayan takardar, kowa kuma ya san ruwa ba zai jira mai gardama ba. A daidai waɗannan shekaru ne gwamnatin soja ta karɓe kotunan sarakuna, ta haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Nijeriya. Akwai dalilai masu ƙarfi na yin haka, domin an yi zalunci da waɗannan kotuna. Amma ga mutumin gungu, sakamakon shi ne mai ikon da ya san ƙofar gidansa ya rasa iko, mai ikon gaske kuma yana Legas ba wanda ya san fuskarsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta zo ta danƙa filaye a hannun gwamna. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, an yi dokarta a 2010, shekara 42 bayan cikar tafki, ba ta kuma kama aiki ba sai bayan wasu shekaru kusan goma.

Irin wannan hukuma ce zubin labaranmu ya fi kasa kamawa. Mun iya rubuta mugun sarki da mugun waziri da muguwar kishiya, domin suna da fuska da murya, ana iya haɗa su da ciwon ajali a babi na ƙarshe. Fayil ɗin da ya kwana shekara ashirin a kan tebur ba ya haukacewa, ba ya haɗarin mota. Marubucin da makaminsa ɗaya shi ne alhaki zai tsaya cirko-cirko a gaban Kainji, don babu mutum guda da zai ɗora wa laifi. Ga shi kuwa tashin Gungawa labari ne da ya isa a ce 'yan sakandare na karanta shi kamar yadda suke karanta Ruwan Bagaja.

Mailoma ya fito daga littafi

Littafin da ya fi hango inda muka dosa shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982. Tauraronsa Mailoma, Bamaguje daga Tsaunin Gwano, ya taso cikin ruɗanin da ya biyo bayan yaƙin basasa, ya tara miyagu da makamai, ya nemi mallake yanki da ƙarfin bindiga da kuɗin miyagun ƙwayoyi. Lokacin da littafin ya fito, da yawa sun ɗauke shi labarin ban tsoro irin na silima. Abin da Gagare ya gane shi ne ɗan ta'adda mai buri ba ya tsayawa a sata. Yana kafa manya da ƙanana, yana hukunta wanda ya saɓa, yana neman ƙasar da zai ce tasa ce. Wato yana kwaikwayon hukuma a komai, ban da ɗaure kansa da alkawarin da wani zai iya tuhumarsa a kai. Rauninsa a wurinmu shi ne sunan littafin ya riga ya yi wa mai karatu alkawarin ƙarshe, sai hankali ya kwanta cewa mugu zai hallaka ko ta yaya. Mutanen da Mailoma ya taka kafin ƙarshen ya zo, su ne ba a ba su isasshen fili ba.

Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai kaɗan ne. Akwai hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa, akwai ƙa'idojin lodi a rubuce. Bayan mako uku, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai da malamai masu yawa. An danganta harin da Dogo Giɗe. An sako wasu rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 suka rage a daji, na ƙarshensu ba su dawo ba sai a 2023, bayan kusan shekara biyu, kuma sai da iyaye suka kafa kwamiti suka fito neman taimakon jama'a don tara kuɗin fansa.

A cikin waɗannan watanni doka ba ta yi barci ba. A Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. A Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka mai tanadin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Uban da 'yarsa ke hannun 'yan bindiga ya wayi gari tsakanin masu iko biyu: na daji ya sa masa farashi, na birni yana shirin hukunta shi in ya biya. Ya ba da 'yarsa amana ga makarantar da ke ɗauke da sunan tarayya, a garin da ya taɓa zama fadar sarakunan Yauri.

Ina zai kai ƙara? Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bayyana tsaron jama'a da walwalarsu a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. Amma wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6 na kundin ya hana kotu bincikar ko gwamnati ta cika abin da ke cikin wannan babi. Sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, don haka gwamnan da ke Birnin Kebbi ba shi da cikakken iko a kan 'yan sandan da ke jiharsa, balle Sarkin Yauri. An karɓi lada, an rubuta alkawarin aski da babban baƙi, aka kuma rubuta a wani shafin cewa ba a kai ƙarar wanzami. Da wuya marubucin ƙagaggen labari ya ƙirƙiro sarƙaƙiyar da ta kai wannan.

Abin da muke nema a wurin marubuta

Wani zai ce marubuci abin da ya gani yake rubutawa, in kotu ba ta aiki a gari don me za ta yi aiki a littafi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu neman a ƙago mana alƙalan da ba su karɓar na goro don a faranta mana rai. Amma akwai bambanci tsakanin labarin da hukuma ta ɓace a cikinsa ba wanda ya lura, da labarin da ya sa mai karatu ya ji zafin rashinta. Na farko yana saba mana da rashin, har mu ɗauka haka Allah ya yi duniya. Wani kuma zai ce ai sakayyar Allah ita ce gaskiyar ƙarshe. Haka ne, kuma malaman da muka ambata sun fi mu sanin haka, amma bai hana su rubuta wa sarakuna yadda za a zauna a saurari koken talaka tun a nan duniya ba.

Akwai kuma haɗari a cikin tafin da muke yi wa tauraro mai kaki. Mai karatun da ya saba jin daɗi in an kulle mutum ba tuhuma, don kawai tauraro na da gaskiya, shi ne zai yi shiru in 'yan sa-kai suka kashe mutum a kasuwa bisa zargi. Mun ga inda wannan ya kai Zamfara, yadda ramuwa ta haifi ramuwa. Mun kuma ga yadda wasu garuruwan iyakar Sakkwato suka karɓi Lakurawa a matsayin masu kore musu ɓarayi, kafin baƙin su juya su fara karɓar zakkar shanu da bakin bindiga, har ta'asarsu ta iso Mera a ƙasar Augie a 2024. Wanda ya gaji da jiran hukuma yakan rungumi duk mai ƙarfin da ya zo, sai daga baya ya tarar babu ƙofar da zai fita.

Don haka muna roƙon marubutanmu, musamman matasan Yauri da Ngaski da Shanga da ke rubutu a waya, su gwada wani fage da adabinmu ya daɗe yana tsallakewa, wato fagen kai ƙara. A ba mu tsohuwar Bagungiya da ta adana takardar diyyar mijinta a ƙasan adaka, ta ɗauko ta bayan shekara hamsin ta shiga mota zuwa ofishin da aka ce mata an buɗe dominsu. A ba mu mai jirgin da ya san lodinsa ya wuce ƙa'ida, da ma'aikacin da ya karɓi kuɗin tikiti a bakin ruwa ya kau da kai, kowannensu da iyalin da yake ciyarwa. A ba mu ɗan sandan ƙauye mai harsashi ƙidayayye da ya ji ƙarar babura, da uban da ya sa gonarsa a kasuwa yana sauraron labarin majalisa a rediyo. Kada a kashe kowa da gobara a babi na ƙarshe. A bar tsohuwar ta isa gaban tebur, ta ajiye takardarta, mu ji abin da akawu zai ce mata.